Matsayin Masu Baiwar Gado a Idon Al'umma: Nazari Daga Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Manufarmu a wannan nazari ita ce mu duba yadda al'umma ke kallon mutumin da ta yi imani cewa da wani iko na ɓoye aka haife shi, ba koya ya yi ba. Mun ɗauki ƙasar Gumel a matsayin farfajiyar nazarin, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Wannan yanki mahaɗa ce ta al'adu. Mangawa ne suka kafa masarautar, ta kuma daɗe tana da alaƙa da Borno, ga Hausawa da Fulani zaune tare da su. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana tara fatake da makiyaya daga Nijar, kamar yadda layin dogon Kano zuwa Nguru ya riƙa sauke baƙi a Gagarawa Tasha. Ba tabbatar da samuwar ikon ne aikinmu ba. Hukuncin da jama'a ke yanke wa wanda suka jingina wa shi muke son fahimta.

Ma'anar kalmomi

Idan muka ce baiwa, muna nufin wata iyawa da ake ganin an halicci mutum da ita. Gado shi ne abin da ya biyo jini daga iyaye da kakanni, kishiyarsa kuwa haye, wato shiga sana'ar da ba ta gidanku ba. Asiri shi ne sani na ɓoye da ake nema wurin boka ko wani masani, a biya, a cika sharuɗɗa. Kurwa, a tunanin Bahaushe, wani sashe ne na rayuwar mutum da ake iya kamawa alhali jikinsa na nan kwance, maita kuma ita ce ikon ganin kurwa da kama ta. Da wannan za mu raba masu baiwar gado gida uku: na sana'a, da na yanayin haihuwa, da waɗanda ake zargi da maita.

Baiwar sana'a

Kashi na farko shi ne baiwar da ke tafe da sana'ar gidan mutum. Ana ganin wuta na jin kunyar ɗan maƙera. A ranar naɗin sarauta ko wani babban biki, maƙeri kan zaro ƙarfe daga cikin garwashi ya yi ja zur, ya shafa shi a damtse, ya lasa da harshe, makaɗi na kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Gobe idan yaro ya faɗa cikin murhu, gidan nan za a nufa don a yi masa tofi. Haka ake kai wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a maƙogwaro gidan masunta, a kai karaya gidan maɗora. Jama'a sun fi sakin jiki da ɗan gado a kan ɗan haye, suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin lura shi ne wannan baiwa a fili take, mai ita ne ke shelanta ta da bakinsa, kuma tana da shugaba. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Aska, kowannensu na ƙarƙashin sarkin gari. Idan ɗan gado ya wuce gona da iri, an san ƙofar da za a kai ƙara.

Baiwar yanayin haihuwa

Kashi na biyu bai danganci sana'a ba, yadda aka zo duniya ne ke jawo shi. Fitaccen misali shi ne tagwaye. Ana cewa Hassan da Husaini na iya tura wa wanda ya ɓata musu rai kunama, ko su hana tukunya tafasa. Saboda haka ake lallaɓa su, a saya musu kaya iri ɗaya, ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Har wanda ya biyo bayansu yana da sunansa na musamman, wato Gambo. Matsayin Bahaushe a nan tsaka-tsaki ne, ƙauna ce gauraye da taka-tsantsan. Yarabawa sun zarce haka, domin suna ɗaukar tagwaye a matsayin albarka, har sukan sassaƙa ɗan gunki a madadin wanda ya rasu daga cikinsu. A ƙasar Kalaba kuwa, a ƙarni na 19, kashe su ake yi a kori uwar, al'adar da Mary Slessor, wadda ta isa can a 1876, ta shahara wajen yaƙa. Haihuwa iri ɗaya ce, amma hukunci uku.

Maita

Kashi na uku shi ne mafi nauyi. An raba maita gida biyu, ta gado da ta saye, kuma ana cewa ƙanƙara ce a cikin cikin maye. A wurare da yawa an fi tsoron wadda aka sha a nono, har akan ce wanda ya gada ta wajen uba gani kawai yake yi. Bambancin wannan kashi da na farko shi ne ba a cika samun mai cewa shi maye ne ba, wasu ne ke faɗa a kansa. Ga yadda abin kan faru. Zazzaɓi ya rufe yarinya, cikin dare ta fara sambatu, ta ambaci sunan wata tsohuwa da ke maƙwabtaka. Kafin gari ya waye an cika ƙofar ɗakin tsohuwar, ana cewa ta saki kurwar yarinya. A tilasta mata ta tsallake marar lafiya, ko ta kurkure baki a ba ta ruwan ta sha. Idan yarinya ta warke, a ce ta sake ta. Idan ta rasu, a ce ta riga ta cinye. Ta kowace fuska zargin ya tabbata, domin an gina shi ne yadda babu abin da zai ƙaryata shi. Tabon kuma ba ya tsayawa kan tsohuwar. A binciken asali kafin aure, maita na cikin abubuwan da ake tambaya, don haka jikokinta ma sai su rasa masu nema. Yara kan tashi da jin "kurwata kur" a bakin manya duk lokacin da aka gitta gidan. Ko a nan al'ada ta yi ƙoƙarin sa linzami, domin a wasu masarautu akan naɗa Sarkin Mayu, wanda ake kai wa ƙara don ya sa a saki kurwa.

Kwatanci da wasu al'ummu

Masanin al'adu ɗan Ingila, Evans-Pritchard, ya wallafa bincikensa kan Azande na kudancin Sudan a 1937. Ya nuna cewa su ma suna ganin maita wani abu ne a cikin ciki, ɗa ya gada daga uba, 'ya ta gada daga uwa. Sai dai a wurinsu mutum na iya ɗauke da ita bai sani ba, don haka wanda aka zarga yakan fesa ruwa da baki ya nuna ba shi da mugun nufi, magana ta wuce. Maƙeri kuma ya ba mu kwatanci ta wata fuskar. A ƙasar Hausa mai sarauta ne da ake yi wa kiɗa. A wurin Buzaye maƙera rukuni ne na daban, ana buƙatarsu, ana shakkarsu, masu daraja ba sa auratayya da su. A wasu sassan Habasha kuwa an daɗe ana zargin maƙera da mugun ido, har da rikiɗa su zama kuraye da dare.

Mahangar Musulunci

Musulunci, wanda shi ne addinin mutanen wannan yanki, ya ɗauki sihiri a matsayin abin da ake koya, kamar yadda ya zo a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, laifinsa kuma na kan wanda ya aikata. Ya tabbatar da kambun baka, amma mu dubi yadda aka warware shi a hadisin Sahlu ɗan Hunaifu da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. An umarci wanda idonsa ya kama ya wanke gaɓoɓinsa a zuba wa marar lafiya ruwan, aka kuma yi masa faɗa don bai sa albarka ba. Ba a kore shi daga gari ba, ba a kuma shafa wa zuriyarsa baƙin fenti ba. Ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja, sambatun mai zazzaɓi kuwa ba hujja ba ne. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta sanya jifan mutum da maita cikin laifuffuka.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun fitar da ma'auni uku da al'umma ke amfani da su. Na farko, ikon a fili yake ko a ɓoye. Na biyu, mai shi ne ya yi iƙirarinsa ko wasu ne suka ɗora masa. Na uku, akwai shugaban da zai tsawata masa ko babu. Inda baiwa ta fito fili, ta yi wa jama'a amfani, ta sami sarauta, mai ita yakan sami girma. Inda aka ce a ɓoye take, nauyinta kan faɗa kan marasa gata, musamman tsofaffin mata da gwauraye da baƙi. Hukuncin ya fi bayyana tsoron al'umma da tsarin zamanta a kan halin wanda aka yanke wa. Don haka muke kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai na ƙasar Gumel: idan marar lafiya ya ambaci suna cikin zafin zazzaɓi, a kai shi asibiti, a kuma kare mutuncin wanda aka ambata.