Tarihin ciwon ƙin cin abinci, da abin da ya sa muke kasa gane shi a Potiskum

Mu mutanen wannan yanki mun san yunwa. Kakanninmu sun ga ta 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da ya hallaka dabbobi a faɗin Sahel. Shi ya sa a wurinmu ƙiba alamar wadata ce, rama kuwa alamar talauci ko wahalar gidan miji. Amarya in ta zo ganin gida, kumatunta ake fara dubawa. Da irin wannan tarihi, da wuya mu yarda cewa yarinya za ta zauna gaban tuwo ta ƙi ci saboda ciwo. Sai mu ce yanga ce, ko sammu, ko aljanu.

Likitoci kuwa sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1689 wani likitan Ingila, Richard Morton, ya rubuta labarin wata budurwa da ta ƙi abinci har ta zama ƙashi da fata, ba zazzaɓi ba tari. A 1873 William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris suka yi bayaninsa kowa daban, Gull ya raɗa masa suna anoreksiya. A 1979 Gerald Russell ya bayyana ɗan uwansa, bulimiya, inda mutum kan ci abinci da yawa a ɓoye sannan ya jawo amai da gangan. Duniya ta ƙara farga a 1983, da ciwon ya yi ajalin mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter tana da shekara 32.

An daɗe ana cewa ciwon 'ya'yan Turawa masu kuɗi ne, sai tsibirin Fiji ya ƙaryata hakan. Mutanen can, kamar mu, suna yaba mace mai jiki. Talabijin ya shiga wani lardinsu a 1995. Bayan shekara uku, binciken Anne Becker ya gano kusan kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna jawo amai don su rame, alhali a 1995 ba ko ɗaya.

Abin da talabijin ya kai Fiji, yau waya ta kawo mana shi har ɗaka. 'Ya'yanmu na kallon TikTok suna auna jikinsu da na wasu. Wata na shan shayin rage tumbi tana kwana da yunwa, wata na haɗiyar sha-ka-fashe don a daina ce mata tsinke. Bakinmu ne ke tura su duka biyun.

'Yan uwa, anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma tana kama maza ma. Idan yaro ko yarinya na gudun cin abinci cikin mutane, ko shiga banɗaki da zarar an gama ci, ko jinin al'ada ya ɗauke tare da rama, kada a yi ɗura, kada a yi gori. A zauna a saurare su, a kai su asibiti nan Potiskum, in da buƙata a nemi takardar zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri. Ana warkewa, musamman in an fara magani da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.