Daga Ibadan zuwa Tudun Maliki: Yadda Aka Faro Karantar da Kurame

Duk wanda ya shigo wannan aiki namu na koyar da kurame, sunan Andrew Foster zai fara ji. Baƙar fatar Amurka ne, kuma kurma, ya gama kwalejin Gallaudet a 1954. Ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, ya iso Ibadan ya kafa wata a 1960. A wancan zamani, tsarin da taron Milan na 1880 ya shimfiɗa shi ke cin kasuwa a duniya: a hana yaro amfani da hannu, a matsa masa sai ya karanci leɓe ya furta kalma. Foster ya bi hanyar hannu, ya horar da kurame suka zama malamai. Sai dai yaren hannun da ya zo da shi na Amurka ne.

Mu a Arewa, shekarar 1977 ce ta buɗe mana ƙofa. A ita Manufar Ilimi ta Ƙasa ta keɓe wa ilimi na musamman sashe, aka kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Yara kuwa ba su yi ƙaranci ba, domin sanƙarau da ƙyanda suna bar mana waɗanda aka haifa da ji, zazzaɓi ya tafi da shi.

Abin da manhajar makarantun kurame ba ta kula da shi ba shi ne, Bahaushe yana da tasa maganar hannun tun kafin boko. Kano na da Sarkin Bebaye, kuma mai shayi da mahauci suna ciniki da kurma ba tare da tafinta ba. Sai da Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafinta Maganar Hannu a 2000, sannan masana suka karɓe ta a matsayin cikakken harshe mai nahawunsa.

Saboda haka yaranmu harshe biyu suke rayuwa da su: na Amurka a aji, na gida a waje. A aji kujeru a zagaye suke don kowa ya ga hannun kowa. Malami ya buga ƙafa a ƙasa, su ji girgiza su ɗago, a shiga A, B, C da yatsu. Da an tashi, sai hira ta koma maganar hannu ta gida, har da laƙabin da suka raɗa wa kowane malami, na mai gemu daban, na mai tabarau daban. A hutu kuma uwa ta kawo ƙara: "Malam, ya dawo da wata magana, ba ma gane ta."

Na'urar ji da ƙungiyoyi ke rabawa ma ba ta warware wannan ba: tana taimakon mai ragowar ji, amma da batir ya ƙare sai ta koma akwati.

A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Doka ba ta koyar da hannu. Abin da ya rage shi ne a ɗauki kurame aikin malanta, a fara ajin farko da yaren da yaro ya zo da shi, a kuma ware wa iyaye ranar koyo a kowane zango.