Yankin Da Matan Aure Suka Gaji Da Zama Zawarawa: Tarihin Kareliya Ta Arewa

 Yau zan ɗauke ku zuwa ƙasar Finlan, can arewacin Turai, wani yanki mai dazuzzuka da tafkuna da ake kira Kareliya ta Arewa, a kan iyaka da Rasha. A ƙarshen shekarun 1960, mazan wannan yanki suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duk duniya. Kuma ba tsofaffi nake nufi ba. Magidanta ne 'yan shekara arba'in zuwa hamsin.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, waɗannan mutane ba malalata ba ne. Masu saran katako ne da manoma, suna aikin ƙarfi cikin sanyi daga safe har yamma. To me ke kashe su?

Sai mun koma baya kaɗan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Finlan ta rasa wani ɓangare na Kareliya a hannun Tarayyar Sobiyat, mutane kusan 400,000 suka baro gidajensu. Gwamnati ta raba wa 'yan gudun hijira da tsofaffin sojoji filaye. Ƙasar ba ta da daɗin noman hatsi, don haka mutane suka sare daji suka kama kiwon shanu. Daga nan abinci ya koma madara mai kauri, man shanu, nama mai kitse, sai kifi da naman da aka tsuma a gishiri. Kayan lambu kuwa, maza da yawa kallon abincin dabbobi suke yi masa. Ga taba, wadda da yawansu suka koyo a fagen yaƙi.

A 1958 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota, ya fara bincike a ƙasashe bakwai: Amurka, Finlan, Holan, Italiya, Yugoslabiya, Girka da Japan. An bi rayuwar maza sama da 12,000. Gabashin Finlan ne ya zo kan gaba a ciwon zuciya, tsibirin Kirit na Girka kuma yana can ƙasa. Ku lura da kyau a nan: mutanen Kirit ma suna cin mai sosai, amma man zaitun ne. Ke nan maganar ba yawan mai kaɗai ba ce, irin man ne.

Bari in yi bayani a sauƙaƙe. Akwai man da idan ka ajiye shi a wuri mai sanyi yake daskarewa, kamar man shanu da kitsen nama. Yawan cin irinsa yana ɗaga wani nau'in kolestarol a jini da likitoci ke kira LDL. Shi kuma a hankali yake taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, hanya ta riƙa tsukewa. Ranar da wannan tarin ya fashe jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe, shi ne bugun zuciya. Hawan jini da taba suna ƙara hanzarta abin.

A watan Janairun 1971 shugabannin yankin suka sa hannu a takardar koke zuwa ga gwamnati, suna neman a kawo musu ɗauki. A 1972 aka ƙaddamar da Shirin Kareliya ta Arewa, aka ɗora wani matashin likita mai suna Pekka Puska, wanda bai kai shekara talatin ba, ya jagoranci aikin a ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne, ba su tsaya a asibiti suna jiran marasa lafiya ba. Sun haɗa kai da ƙungiyar matan gida ta Martta, ana shiga ƙauyuka ana koyar da girki: abincin da aka saba ne, amma a rage kitse da gishiri, a ƙara kayan lambu. Sun horar da mutanen da ake jin maganarsu a kowane ƙauye. Sun zauna da kamfanonin madara da na biredi a kan rage kitse da gishiri. Har gasa aka yi tsakanin ƙauyuka, a ga wanda zai fi sauke kolestarol.

Sai dai ba a ruwan sanyi aka yi ba. Idan ka ce wa makiyayi a rage man shanu, tukunyarsa ka taɓa, kuma masana'antar madara ta yi turjiya. Shi ya sa aka nemo wa manoma wata hanyar samu: noman ƙananan 'ya'yan itace na beri da ke jure sanyi, da kuma kanola, tsiron da ake tatsar man girki daga irinsa. A 1977 aka faɗaɗa aikin zuwa duk ƙasar.

Me aka samu? A 1972 mafi yawan mutanen yankin man shanu suke shafa wa biredi. Bayan shekara talatin sai 'yan tsiraru. Cikin kimanin shekara arba'in, mutuwar maza masu shekara 35 zuwa 64 ta dalilin toshewar jijiyoyin zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100.

Amma kada wani ya ce abinci ne kaɗai. Shan taba ya ragu, hawan jini ya sauka, daga baya magunguna da tiyata suka inganta. Duk da haka, lissafin masana na Finlan ya nuna mafi yawan raguwar ta fito ne daga sauyin waɗannan abubuwa uku, kuma saukar kolestarol ce ta fi ba da gudunmawa.

Ku kuma lura, mutanen Finlan ba su daina shan madara ko cin nama ba. Har yau suna cikin waɗanda suka fi shan madara a duniya. Sun dai koma madara mai ƙarancin kitse da man tsirrai, sun cika faranti da ganye. Sun gane cewa mutum ɗaya ba ya iya sauya cimarsa idan tukunyar gida da kantin unguwa ba su sauya ba.

To, a gidanku wa ke yanke shawarar man da ake girki da shi, da yawan gishirin da ake zubawa? Ku tattauna da shi ko da ita.