Mutuwar Steve Biko a Hannun 'Yan Sanda: Laifin da Ya Rasa Mai Shi

A ranar 18 ga Agusta, 1977, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka kama Steve Biko, jagoran fafutukar farkar da baƙar fata, a wani shingen bincike kusa da Grahamstown. An tsare shi bisa sashe na 6 na dokar ta'addanci ta 1967, wadda ta ba hukuma ikon riƙe mutum ba wa'adi, ba lauya, ba gurfanarwa gaban alƙali.

A ranar 6 ga Satumba, yayin da ake yi masa tambayoyi a ofishin 'yan sandan ciki da ke Port Elizabeth, ya samu mummunan rauni a ka. Likitocin gwamnati biyu, Ivor Lang da Benjamin Tucker, suka duba shi, amma ba su tsaya tsayin daka a kai shi asibiti ba. A ranar 11 ga wata aka jefa shi tsirara a bayan mota, aka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria. Washegari ya cika, yana da shekara 30.

Da farko ministan shari'a, Jimmy Kruger, ya ɗora mutuwar a kan yajin cin abinci, sai binciken gawa ya nuna rauni a ƙwaƙwalwa. A zaman binciken da aka yi a ƙarshen shekarar, lauyan iyalin, Sydney Kentridge, ya bankaɗo saɓanin da ke cikin shaidar 'yan sandan. Duk da haka majistare Marthinus Prins ya yanke cewa babu wanda za a ɗora wa alhaki. Dalilin a bayyane yake: waɗanda ake zargi su ne kaɗai shaidun abin da ya faru a ɗakin, su ne kuma masu riƙe da takardun.

Hukunci ya fara sauka ne a kan likitocin. A 1985, bayan wasu abokan aikinsu sun kai ƙara kotu, hukumar likitoci ta same su da laifi, daga bisani aka soke lasisin Tucker. Su kuwa 'yan sandan, biyar daga cikinsu sun nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa a 1997, aka hana su, amma ba a gurfanar da ko ɗaya ba. A 2003 hukumomi suka ce hujjojin ba su isa ba.

Shari'ar Ahmed Timol, wanda ya mutu a tsare a 1971, ta nuna cewa ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya: a 2017 kotu ta soke hukuncin cewa kansa ya kashe, ta tabbatar kisan gilla ne. Sai dai ɗan sandan da aka tuhuma, João Rodrigues, ya rasu a 2021 kafin a yi masa shari'a. Shekaru ba sa binne gaskiya, amma suna binne shaidu da waɗanda ake tuhuma.