Hular kwanon da ta kare ƙoƙon kai ta bar ƙwaƙwalwa

A gidajen kallon ƙwallo na Bekaji a Jimeta, gardamar kullum ta Arsenal ce da Barcelona. Ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga da ita, sai dai a ci karo da ita a waya, ko a daren Super Bowl a watan Fabrairu, wasan da ke farawa bayan sha biyun dare agogon Najeriya, lokacin da Jimeta ta yi tsit. Wanda ya fara ganin 'yan wasan, kai cikin hular kwano, kafaɗu a kumbure da sulke, yakan ɗauka ko tirela ce ta buge su za su tashi su kakkaɓe jiki. Tarihin wasan bai gaskata shi ba.

A 1905 jaridar Chicago Tribune ta ƙirga mutum 18 da suka mutu a filin wannan wasa cikin kaka guda. A lokacin ba a jefa ƙwallo gaba, sai dai a dunƙule a tura da ƙarfin tuwo. Tun a 1892 jami'ar Harvard ta ɓullo da wata dabara inda 'yan wasa ke jeruwa kamar tsinin mashi su afka wa mutum ɗaya. An hana ta a 1894, amma 'yan'uwanta suka ci gaba. Wanda ya faɗi ƙasan tari, tattaka shi ake yi.

Ranar 9 ga Oktoban 1905 shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar White House. Mutum ne mai son wasan, ɗansa ma yana bugawa a Harvard, don haka gyara ya nema, ba kashewa ba. A Disamba makarantu 62 suka taru a New York, daga nan aka haifi ƙungiyar da ta zama NCAA a 1910. Dokokin 1906 suka halatta jefa ƙwallo gaba, suka bar tazara tsakanin sahu biyu, suka mayar da nisan da ake buƙatar ci daga yadi 5 zuwa 10, duk don a warwatsa cunkoson.

Sai zancen hula, kuma a nan labarin ya murɗe. Ta farko ta fata ce, mai laushi, har a ninke ta a sa aljihu. Jami'o'i sun wajabta ta a 1939, shekarar da kamfanin Riddell ya fito da ta roba mai tauri, gasar ƙwararru ta NFL kuma ta wajabta hula a 1943. A shekarun 1950 aka ƙara sandar kare fuska. Karyewar hanci da zubewar haƙora suka ragu, amma ɗan wasan da ya daina tsoron fuskarsa sai ya mayar da kansa guduma. Masu horarwa suka riƙa koya wa yara su kai karo da ka, tamkar raguna. A 1968 mutum 36 suka mutu sakamakon karo a fili, yawancinsu 'yan sakandare.

Abin da ya sauko da wannan adadi ba sabuwar roba ba ce kaɗai. A 1976 aka haramta wa 'yan makaranta da jami'a fara karo da ka, kuma a 1990 shekara ta zagayo ba a samu irin wannan mutuwa ko ɗaya ba. Mu ma nan mun san zancen hula: da aka wajabta wa 'yan acaɓa hular kwano a Janairun 2009, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a ka. Ta Amurkawa ba ƙwarya ba ce, amma ita ma akwai inda aikinta ya tsaya.

Ɗan Najeriya ne ya nuna wurin. Dokta Bennet Omalu, haifaffen Nnokwa a jihar Anambara, ya karanta likitanci a jami'ar Nsukka, kuma a lokacin yana aikin binciken gawa a Pittsburgh. A Satumban 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, gwarzon ƙungiyar Steelers da ya ci Super Bowl sau 4, ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da mantuwa da ruɗewa, har yana kwana a mota. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta falle-falle aka rina, ya duba da madubin likita, sai ga tarin wani sinadari mai suna tau, irin wanda aka saba gani a kan tsofaffin 'yan damben boksin. Dalilin a fili yake: ƙwaƙwalwa tana iyo ne cikin ruwa, idan kai ya tsaya kwatsam sai ta bugi bangon ƙoƙo daga ciki, kamar gwaiduwa a ƙwan da aka girgiza. Hula ba ta da hannun da za ta riƙe ta.

Ya wallafa bincikensa a 2005, ya kira cutar CTE. Likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye takardar. Ba a janye ba. A 2013 NFL ta amince ta biya dubban tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765, sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masanan jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110, ko da yake iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi bayar da gawa.

Yanzu akan ga wasu 'yan wasa da wata tattausar riga a bisa hular, wadda aka yarda a shiga gasa da ita tun 2024, shekarar da aka sake fasalin bugun farko don rage gudun da ake kwasowa kafin karo. Nau'in wasan da zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles kuwa shi ne wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun abokin hamayya maimakon kayar da shi, kuma ba a sa hular kwano a cikinsa.