White Grass, Gandun da Ya Tafi da Mai Shi

In ka taɓa zuwa Jackson Hole a jihar Wyoming, ƙila ka wuce White Grass ba ka sani ba. Ɗakunan katako ne a gindin duwatsun Teton. A 1913 Harold Hammond da abokinsa suka kama filin don kiwo. To, sanyin can ba wasa ba ne, shanu ba su rufa asiri ba, sai aka koma karɓar baƙi. Mutanen birane su zo lokacin zafi, su biya, a ba kowa doki da sirdi, a ci abinci tare. Sana'ar ta yi kasuwa a yammacin Amurka, har masu ita suka kafa ƙungiya a 1926.

Bayan Hammond, riƙon gandun ya koma hannun agolansa, Frank Galey. A 1956 aka sayar wa hukumar gandun dajin Grand Teton filin, bisa sharaɗin Galey ya ci gaba da riƙewa muddin yana raye. Ka ga ke nan an ɗaure gandun da numfashin mutum ɗaya. Da ya rasu a 1985, shi ke nan, aka rufe.

Yanzu an gyara ɗakunan, ana koyar da gyaran tsofaffin gine-gine a ciki. Amma waɗanda suka yi ƙuruciya a can ba katako suke kewa ba, masu gidan ne da dawakinsu. Kai da ke da gidan gado a gida, in an turo maka takardar sayarwa, karanta sharaɗin sau biyu.