Tarihin Amfani da Bakteriya Masu Amfani a Kiwon Jatan Lande

A ƙarshen shekarun 1980, masu ƙyanƙyasar jatan lande a Indunusiya da Filifin sun sha ganin wani abin mamaki da dare: 'ya'yan jatan landen suna ƙyalli a cikin duhu, bayan 'yan kwanaki kuma su mutu da yawa. Wata bakteriya mai suna Vibrio harveyi ce sanadi. Da yake garkuwar jikin wannan halitta ba ta tuna cutar da ta taɓa kama ta, rigakafi irin na kaji ko shanu bai yi mata amfani ba. Sai masu kiwo suka dinga zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta, har bakteriyar ta daina jin magani. A 2001 da 2002 kuma Tarayyar Turai ta gano burbushin maganin chloramphenicol a jatan landen Asiya, ta mayar da kaya masu yawa.

Tun kafin wannan, wasu sun ɗauki wata hanya dabam. A farkon shekarun 1990, wuraren ƙyanƙyasa na Ekwado sun fara zuba Vibrio alginolyticus, 'yar'uwar mai cutar, domin ta riga ta kama wuri. A 1998 masanin Ostireliya David Moriarty ya wallafa sakamakon da aka samu a tafkunan Indunusiya da aka zuba wa nau'o'in Bacillus. Hikimar ita ce, jatan lande yana ci yana kashi a ruwa guda, saboda haka ruwan ake jinya kafin dabbar. Bakteriyar tana cinye ragowar abinci da dagwalon ƙasan tafki, tana kuma ƙwace wa Vibrio abinci da mazauni.

Sai dai dabarar tana da iyaka, ko da yake masu tallar kayan ba su cika faɗa ba. Ba ta hana cutar farin tabo, wadda bairos ke kawowa, durƙusar da Ekwado a 1999 ba. Da annobar mutuwar wuri ta isa Tailan a 2012, Donald Lightner na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka gano a 2013 cewa wani nau'in Vibrio ne kuma. Wasu masana suka yi nuni da cewa tafkin da aka wanke tas da sinadari fili ne aka share wa Vibrio, domin ta fi sauran saurin hayayyafa.